Wa zai ɗauki nauyin faɗuwa? Magana ga ƴan kallon kokowa

Kowace shekara idan gero ya shiga rumbu, wake ya shiga buhu, to a ƙasar Arewa sai ganga ta ɗauka. Daga Matankari zuwa Dogon Dutsi, daga Kore Mai Ruwa zuwa Tibiri da Geceme, da wuya ka sami garin da ba a share fili an zuba rairayi ba. Samari su ɗaura walki, makaɗa su gyara fata, dattawa su jawo tabarma. Wannan al'ada ce da muka gada, kuma babu mai fatan ta mutu. Amma akwai wata ɗabi'a da ta samu wurin zama a filayenmu, wadda ya kamata mu zauna mu dube ta da idon basira. Ita ce ɗabi'ar yi wa ɗan kokowa ihu da zarar ya yi minti biyu ko uku bai kai kamu ba. Sai ka ji fili ya ɗauka gaba ɗaya: matsoraci ne, gudu yake yi, a fitar da shi. Wani lokaci ma abin ba ya tsayawa a baki, sai an haɗa da jifa da ledar ruwa da zagin alƙalin wasa.

Ra'ayinmu a nan shi ne, mafi yawan wannan ihu ba a kan mai laifi yake sauka ba. Ɗan kokowar da ke taka-tsantsan ba shi ya tsara gasar ba, ba shi ya yanka kyautar ba, kuma ba shi ya koya wa jama'a su juya wa wanda ya faɗi baya ba. Abin da ya tarar ne yake bi. Idan muna son a canza rawa, to sai mu duba kiɗan da muke yi.

Bari mu fara da yadda gasar takobi take, domin da yawa daga cikin masu ihu sun san sunayen ƴan kokowa amma ba su taɓa zama sun yi lissafin abin da ke kan wuyansu ba. An fara gasar ƙasa a Tawa a shekarar 1975, kuma Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, ɗan jahar Maraɗi, shi ne ya fara ɗaukar takobi. A tsarin da aka saba da shi, jahohi 8 ne ke haɗuwa: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Kowace jaha tana kawo mutum 10, ke nan ƴan kokowa 80, kuma takobi guda ɗaya ne tak. Kowace jaha sai ta kara da sauran 7. Wanda aka kayar sau ɗaya, ko da ranar farko ce, ko da santsi ne ya ɗebe shi, ya fita daga sahun masu neman takobi. Zai ci gaba da shiga fili domin jaharsa, amma burinsa na wannan shekara ya ƙare, sai baɗi idan rai ya kai, idan kuma an sake zaɓensa. Waɗanda suka tsallake dukan waɗannan karawa ba su taɓa ƙasa ba, su ne ke fuskantar juna a ƙarshe, har a samu sarki.

To mu tambayi kanmu tsakani da Allah: mutumin da ya yi shekara guda yana shiri, ya tsallake zaɓen gunduma, ya tsallake zaɓen jaha, ya san cewa daƙiƙa guda ta ganganci za ta shafe duk wannan wahala, yaya za a yi ya faɗa wa abokin karawarsa ido rufe don kawai wani da ke zaune a inuwa ya gaji da jira? A ƙwallon ƙafa, ana iya jefa maka ƙwallo a raga ka rama, har ka ci wasan. A dambe ma ana iya kai maka naushi ka jure. A kokowarmu babu ramuwa. Gwiwa da hannu suka taɓa ƙasa yadda doka ta faɗa, ko ɗuwawu, ko baya, magana ta ƙare. Wasan da kuskure ɗaya ke kashe shi, dole ne ya haifi masu lissafi, kamar yadda rijiya mai zurfi ke haifar masu ɗiban ruwa a hankali.

Ku dubi Kadri Abdu, wato Isaka Isaka, wanda jahar Doso take alfahari da shi. A Agadas, cikin watan Disamba na 2023, ya ɗauki takobi karo na 6, kuma uku na ƙarshe a jere ya ɗauke su: Yamai, Difa, Agadas. Kowa ya yi masa guɗa, mu ma mun yi. Amma a lissafa karawa nawa ke cikin takobi 6, ko wace ɗaya cikinsu kuwa da mutumin da ya kwana yana nazarin yadda zai ɗauke masa ƙafa. Ƙarfi kaɗai ba ya kai mutum nan, domin masu ƙarfi suna da yawa cikin 80. Abin da ke kai mutum shi ne ya san lokacin shiga da lokacin jira, ya san hannun da zai bayar da wanda zai hana. Wato abin nan da muke yi wa ƙananan ƴan kokowa ihu a kansa, shi ne muke ɗaura wa manya rawani saboda shi.

Masu cewa kokowar da ta fi ta yanzu zafi suna da gaskiya ta wani gefe, kuma bai kamata a raina maganarsu ba. Kokowar dandali, wadda ake yi da dare bayan kaka tsakanin samarin gari da na maƙwabta, ba ta san jan lokaci ba. Ana shiga, ana kamawa, ana kayarwa, wani ya shigo. Amma me ya sa? Domin faɗuwa a can ba ta da tsada. Wanda aka kayar yau a Dumega, jibi yana iya ramawa a kasuwar wani gari. Abin da ya rasa bai wuce goro da ɗan kuɗi da dariyar ƴan mata ba. Yanzu kuwa abin da ke gaban sarkin kokowa takobi ne da rawani da doki da miliyoyin kuɗi, ga kyautar manyan ƴan kasuwa da shugabanni, ga rediyo da telebijin suna kai sunansa har ƙasashen waje. Mu ne muka ɗaga darajar nasara har ta kai sama, kuma hakan abu ne mai kyau, domin ɗan kokowa ya cancanci ya ci guminsa. Sai dai duk lokacin da nasara ta yi tsada, faɗuwa ma tsada take yi. Ba a iya ɗaga ɗaya a bar ɗaya a ƙasa.

A nan ne ya kamata ƴan kallo su dubi nasu hali. Idan yaro ya shigo da zuciya, ya faɗa wa wanda ya fi shi suna, ya kai kamu sau uku, a na huɗu aka juya shi aka kayar, me yake samu? Tafi na minti ɗaya. Daga nan jama'a su ruga wurin wanda ya yi kaye, su ɗaga shi sama, su lika masa kuɗi a goshi, maroƙa su bi shi da kirari. Shi kuwa mai zuciyar nan sai ya kakkaɓe rairayi, ya ɗauki layunsa, ya fita ta bayan fili, wataƙila ma kuɗin motar komawa ƙauye sai ya nema. Gobe ƴan cali-cali su kwaikwayi faɗuwarsa, fili ya fashe da dariya. Wane darasi muka koya masa? Mun koya masa cewa bakinmu yana son jarunta, amma aljihunmu nasara kaɗai ya sani. Baɗi idan ya dawo, zai dawo da lissafi, kuma mu ne za mu fara yi masa ihu.

Akwai kuma wani abin da kowa ya sani amma ba a cika faɗa ba. Ihun nan yana da ɓangare. Idan ɗan wata jaha ne yake ja da baya, matsoraci ne. Idan namu ne, sai ka ji ana cewa ya yi hankali, kada ya yi gaggawa, ya bar shi ya gaji. Mutum ɗaya, a zama ɗaya, yana iya faɗin duka biyun kafin la'asar. Haka yake tsakanin jaha da jaha, haka yake tsakanin Dutsi da Tibiri ranar zaɓen ƴan wasa, haka yake tsakanin unguwa da unguwa. Saboda haka ba jira ne muke ƙi ba, jiran abokin gaba ne muke ƙi.

Kada kuma mu manta cewa mafi yawan waɗanda ke shiga filayen ƙauyukanmu manoma ne da makiyaya da ƴan ƙwadago. Kafaɗar da ta goce a watan Disamba, ita ce za a nema ranar shuka a watan Yuni. Wanda ya karye a fili, ƴan kallo ba su bin sa gida su yi masa noma.

Wani zai ce, ai wannan rashin haƙuri na zamani ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Yau samarinmu, a Dogon Dutsi kamar a Yamai, suna kallon faɗan ƙasashen waje a wayar salula, musamman wanda ake kira MMA, wato wasan da ya haɗa dambe da kokowa da shuri, ana yin sa cikin keji. Abin da ke yawo a waya kuwa guntaye ne: daƙiƙa 20 ko 30, naushi ɗaya, mutum ya zube. Haka ma kokowarmu ake yanka ta, a tura kayen kaɗai, a zubar da minti 8 ko 10 da suka haife shi. Wanda ya saba da cin tsoka zalla, ranar da aka ba shi nama da ƙashi sai ya ce an cuce shi. Amma abin da ya kamata samarin nan su sani shi ne, a can inda ake wannan wasa ma, rigimar da muke yi ita suke yi, kuma manyan gwanayen da ƴan Afirka ke alfahari da su sun sha ihu irin wanda muke yi wa namu.

Ga misalin Faransis Nganu, ɗan ƙasar Kamaru, wanda duniya ta san shi da nauyin hannu. A watan Janairu na 2018 ya nemi kambun masu nauyi na kamfanin UFC a hannun Sitipe Miyocic. Ya shiga da gaggawa, yana neman gamawa tun turmin farko, ƙarfinsa ya ƙare, aka yi ta danne shi har turmi 5 suka cika, ya sha kashi. Bayan wata 6, a watan Yuli, aka haɗa shi da Derik Luwis a birnin Las Begas na Amurka. Jama'a sun cika wuri suna jiran a yi ta ta ƙare cikin minti ɗaya, domin duka biyun masu kisa ne. Sai ga shi sun yi minti 15 suna zagaya juna. Bugun kirki da Nganu ya kai bai wuce 11 ba, na Luwis 20. Alƙali ya tsayar da su ya gargaɗe su, jama'a suka yi ta ihu, kuma aka ba Luwis nasara. Daga baya Nganu da kansa ya amsa cewa tsoron karawar da ta gabata ne ya biyo shi cikin keji. Wannan kam ba dabara ba ce, kuma shi ma bai kira ta dabara ba. Amma ku dubi abin da ya biyo baya. A watan Maris na 2021 ya sake haɗuwa da Miyocic, wannan karo cikin natsuwa, yana auna kowane taki, ya hana a kai shi ƙasa, ya gama da shi a turmi na biyu ya karɓi kambu. A watan Janairu na 2022 kuma, da ciwo a gwiwa, ya kare kambunsa a gaban Siril Gan ɗan Faransa, ba da naushi ba, da kokowa: ya riƙa kai shi ƙasa yana danne shi har lokaci ya cika. Mutum ɗaya ke nan ya nuna mana abu uku daban-daban: gaggawar da ta kayar da shi, tsoron da ya kunyata shi, da haƙurin da ya naɗa shi sarki. Ɗan kallon da ba ya iya rarrabe na biyu da na uku, bai gama koyon kallo ba.

Haka Isra'ila Adesanya, haifaffen Legas. A watan Maris na 2020 ya kare kambunsa a gaban Yowel Romero ɗan Kuba, mutumin da kowa ke shakkar hannunsa. Romero ya tsaya cik ya rufe fuska, yana jiran a shigo masa. Adesanya ya leƙa sau ɗaya, ya ɗanɗani naushi, ya koma yana saran ƙafa daga nesa har minti 25 suka cika. Alƙalai suka ba shi, jama'a suka yi masa ihu. Kamaru Usman kuwa, wanda aka haifa a Auci ta Najeriya, a watan Yuli na 2020 a Abu Dabi ya matse Horhe Masbidal a jikin keji turmi bayan turmi, ya ci wasan, aka yi ta cewa ya sa mutane barci. Da suka sake haɗuwa a watan Afrilu na 2021, naushi ɗaya ya yi masa a turmi na biyu ya shimfiɗe shi. Waɗanda suka zage shi bara su ne suka fi kowa yabo bana, alhali mutumin bai canza ba. Wancan karo ya ga hanya ɗaya, wannan karo ya ga wata.

Abin lura shi ne, masu shirya wasa a can ba su tsaya ga ihun jama'a ba, sun nemi maganin abin ta hanyar doka da kuɗi. Shekara da shekaru kamfanin UFC yana ware tukuici ga waɗanda suka fi burge jama'a a daren wasa, kuma tukuicin karawar da ta fi zafi mutum biyu ake ba: wanda ya ci da wanda aka ci. Wato wanda ya faɗi da jarunta ba ya komawa gida hannu wofi. A Japan, kamfanin PRIDE, wanda ya yi aiki daga 1997 zuwa 2007, yana ɗaga wa mai jan lokaci katin gargaɗi, kuma kowane kati yana cin kashi 10 cikin 100 na kuɗinsa. Kokowar wasannin Olimfik ma ta taɓa shiga wannan hali. A watan Fabrairu na 2013 shugabannin wasannin suka ba da shawarar a cire ta, kuma cikin abin da ake kuka da shi har da rashin armashi da dokoki masu wuyar ganewa. Masu kokowar suka koma suka gyara doka: wanda alƙali ya ga yana noƙewa, ana ba shi daƙiƙa 30, idan ba a ci maki ba a ba abokin karawarsa maki ɗaya. A watan Satumba na wannan shekara aka mayar da ita. Ba mu ce a kwaso waɗannan dokoki a zuba a filin Salma Ɗan Rani na Doso ba, domin kowace ƙwarya da abokiyar burminta. Abin da muke so a gani shi ne hanyar tunanin: sun gane cewa ɗan wasa yana bin inda riba take, sai suka matsar da ribar.

Yanzu kuma, don kada a ce mun zama lauyan matsorata, dole mu faɗi ɗaya gefen. Gudun kokowa gaskiya ne, yana nan, kuma yana ɓata wasa. Duk mun san ɗan kokowar da ke shiga fili ba da niyyar kayarwa ba, sai da niyyar kada a kayar da shi. Da an matso sai ya ja baya har bakin buhunan da suka kewaye fili. Da an kama shi sai ya fizge ya fita. Yanzu laya ta kwance, an jima walki ya sassauta, can kuma rairayi ya shiga ido, ko yana son ya koma wurin mutanensa a sake shafa masa magani. Wannan ba shi da wani uzuri, kuma mutumin da ya biya kuɗin shiga, ya bar sana'arsa, ya zauna cikin rana tun hantsi, yana da hakkin ya ji haushi. Dokar gasa ma ta tanadi gargaɗi domin irinsa, har mutum yana iya rasa karawa ta dalilin gargaɗi ba tare da bayansa ya taɓa ƙasa ba.

To yaya ake rarrabe mai jira da mai gudu? Tsofaffin ƴan kokowa ba su rikicewa a kan wannan, kuma da za a tambaye su da sun koya wa jama'a. A dubi ƙafa kafin a dubi hannu. Mai jira yana riƙe da tsakiyar fili, idan ya ja taki ɗaya baya zai dawo da shi, ko ya zagaya gefe. Mai gudu kullum bayansa na neman bakin fili. Mai jira yana ba da hannu, yana taɓa kai, yana gwada wuya, yana auna nauyin abokinsa, kuma duk wannan shafe-shafen da ɗan kallo ke gani kamar wasa, a nan ake cin rabin kokowa, domin wanda ya samu riƙon da yake so ya riga ya yi nisa. Mai gudu yana kaɗe hannu ne kawai don kada a riƙe shi. Sannan babbar alama: idan aka kawo wa mai jira hari, yana amsawa da nasa, taɗiya ko juyi ko ɗaukar ƙafa, domin dama abin da yake jira ke nan. Mai gudu idan aka kawo masa hari, tsira kaɗai yake nema. Na farko maharbi ne da ya laɓe a bakin tafki. Na biyu kuwa shi ne naman.

Matsalar ita ce, ihu ba ya rarrabewa. Yana sauka a kan duka biyun, kuma ya fi cutar na farko. Mai gudu ya riga ya sayar da kunyarsa, ihu ba ya motsa shi. Amma yaro mai dabara, ɗan shekara 20, wanda karo na farko ke nan da ya tsaya gaban dubban mutane, idan ya ji garinsu na kiransa matsoraci, sai ya watsar da abin da ya koya ya faɗa ciki, a kayar da shi a banza. Haka kuma ihu yana matsa wa alƙali. Alƙalin da fili ya taso masa yana iya ba da gargaɗi don ya kwantar da jama'a, ba don doka ta ce ba, kuma sau da yawa wanda ba shi da magoya baya a wurin ne zai sha gargaɗin. Ranar da aka fara yanke kokowa da ƙarfin murya, baƙo ba zai sake cin wasa a garin kowa ba.

Saboda haka muna kira ga waɗanda abin ya rataya a wuyansu a gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, wato magadan gari da sarakuna da jami'an wasanni da wakilan hukumar kokowa, su fara gyara daga nan ƙasa, inda abin yake hannunsu, ba sai sun jira Yamai ba. A kowace gasar gari ko zaɓen gunduma, cikin kuɗin da ake tarawa a ware wani kaso domin karawar da ta fi kyau, a raba shi tsakanin wanda ya kayar da wanda aka kayar, kuma a miƙa shi a tsakiyar fili, gaban kowa, da kiɗa, kamar yadda ake miƙa kyautar zakara. Tsofaffin ƴan kokowa uku sun isa su zaɓa. Ba kuɗi mai yawa ake bukata ba. Abin da ake bukata shi ne yaro ya gani da idonsa cewa wanda ya faɗi yana nema ya fi wanda ya tsira yana gudu daraja. Attajiran da ke lika kuɗi su ma su riƙa tunawa da wanda ke fita ta bayan fili. Makaɗa da maroƙa kuma suna da nasu aiki, domin ɗan kokowa yana jin ganga fiye da yadda yake jin alƙali, kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda kiɗan Sagalo ke tayar da tsikar fili ya san haka. Bakin da ya iya ɗaga zakara ya iya ɗaga wanda ya faɗi da mutunci.

Sai maganar doka. Mutum nawa cikin masu cika fili suka taɓa jin an karanta musu dokar kokowa daga farko har ƙarshe: minti nawa ne karawa, me ke jawo gargaɗi, gargaɗi nawa ke kayar da mutum, wane taɓa ƙasa ne faɗuwa, wane ne ba faɗuwa ba? Mafi yawa a bakin mutane suka tsince ta, kowa da irin tasa, shi ya sa kowane hukunci ke zama gardama. Ya kamata a samu dokar a rubuce da Hausa da Zabarmanci, cikin ɗan littafi mai sauƙi, a raba ta a garuruwa. A nan ne waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci za su yi amfani ƙwarai: a kowane gari akwai wanda zai iya tsayawa da lasifika kafin a fara wasa ya karanta wa jama'a, da harshen da suke ji, cikin minti 5. Gidajen rediyon karkara su ma su maimaita ta a makon gasa. Idan alƙali ya ba da gargaɗi, mai lasifika ya faɗi dalili nan take: ya fita fili da gangan, ko ya ƙi kamu, ko ya ɓata lokaci da gyaran laya. Jama'ar da ta san dalili ba ta cika jifa ba.

Alƙalan kansu suna bukatar a riƙa tara su kafin kaka, a zaunar da su tare da tsofaffin ƴan kokowa, a daidaita hannu, domin abin da ake gargaɗi a kansa a Dankasari ya zama shi ne ake gargaɗi a kansa a Geceme. Gyaran layu da shafe-shafe kuma a yanka masa lokaci kafin a busa, bayan an busa babu komawa. Wannan kaɗai zai rage rabin abin da ke ƙona ran ƴan kallo, ba tare da an tilasta wa kowa ya jefa kansa cikin hannun abokin karawa ba.

Ga masu horar da yara kuma akwai magana. Ƴan wasan da Arewa za ta tura zaɓen jaha a Doso, a koya musu yadda ake kai hari ba tare da an buɗe ƙafa ba, domin yaron da bai iya shiga lafiya ba dole ya tsaya waje, kuma yawancin abin da muke kira tsoro a ƙananan filaye ƙarancin sani ne. Wanda ya iya kamu biyu kaɗai, idan aka toshe su sai ya tsaya yana kallo. Wanda ya iya biyar yana da abin gwadawa har lokaci ya cika. Tsofaffin da suka san waɗannan kamu suna nan da ransu a Matankari da Kiyeshe da Tibiri da ƙauyukan Dallol Mawri, da yawansu babu mai neman su sai ranar gasa, a ba su kujera a gefe. A ware musu ɗan abin goro daga asusun wasanni na ƙaramar hukuma, a haɗa kowane ɗaya da samari 10 daga ƙarshen damina zuwa ranar zaɓe.